Yatsu Uku na Hannun Dama

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, ni ma a shekarar aka miƙa mini tebur. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Na katako ne, ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, sai mun ninke kwali mun tokare ta. Amma nawa ne, a kusurwar shagon gyaran gashi na Madam da ke Gyadi-Gyadi, kusa da taga.

Madam 'yar kudu ce, Kirista, amma a Kano aka haife ta, in ta so zagin mutum da Hausa sai ya koma gida ya tambayi ma'anar. Wata takwas na yi a hannunta ina wanke kai ina share gashi kafin ta ce in zo ta koya mini sa farce. A lokacin farcen akirilik sabon abu ne a wajenmu. Wata farar hoda ce da wani ruwa a kwalba. Ki tsoma buroshi a ruwan, ki dangwali hodar ta dunƙule, ki shimfiɗa a kan farcen mutum ki ja shi ya yi tsawo, kafin ki juya ya daskare ya yi tauri. Sai a goge shi ya yi sumul, a shafa jan farce. Abu na farko da Madam ta gaya mini shi ne, akirilik ba ya shiri da maiƙo. Sai an kankare farce, an goge shi da auduga da sifirit ya bushe ƙayau, sannan a ɗora. A kan yatsunta da na ƙanwarta na koya, kuma wallahi ko ɗaya bai taɓa ɗagawa ba.

Inna, mahaifiyata, ba ta son sana'ar. Ita mai haɗa turare ce a gidanmu na Unguwar Gano, turaren wuta da humra da kulaccam, gadon kakarta 'yar Barno. So take in zauna kusa da ita in koya. Ni kuwa na tsani turmin nan da ake daka itacen sandal a ciki, tun ina ƙarama yake cinye mini Asabar.

“Allah ya ba mutum farce kyauta,” in ji ta, “ke kuma ki bi shi da na roba ki liƙa masa.”

Da ƙyar ta bar ni, bisa sharaɗin in abin bai yiwu ba in dawo gida ba musu. Ta ce turmi ba ya zuwa ko'ina, yana nan yana jirana.

Matsalar farko da na samu a teburina wari ne. Ruwan haɗin nan, in aka buɗe kwalbarsa, sai ya doki hanci ya hau kai. Kwastomata ta biyu har hawaye ta yi, ta ce in buɗe taga, na ce a buɗe take. Da na koma gida na yi ta mita a tsakar gida, ba don kowa ya ji ba. Inna tana gefe tana dakan sandal. Washegari ina cikin bas na buɗe jakata, sai ga kwalba mai faɗin baki cike da kulaccam, turaren nan mai kauri kamar man shafawa, wanda ake lakata da yatsa. Ban taɓa zaton za ta sa hannu a harkar farce ba. Na rungume jakar har Gyadi-Gyadi, daɗi kamar in yi kuka.

Daga ranar na tsara aikina yadda nake ganin ya fi na kowa. In kankare farce, in goge da sifirit. Daidai lokacin da zan buɗe kwalbar wari, sai in tura wa mace kulaccam in ce, “Bismillah, shafa a hanci.” Ta lakata, ta goga a ƙasan hanci da wuya, ta share yatsunta a hankici, ta miƙo mini hannu. Shago ya ɗauki ƙanshi. Madam tana can wajen diraya tana naɗe gashi, ƙanshin kawai take ji, har ta ce in gaida mata Inna.

Kwana huɗu da fara haka aka kawo mini ƙarar farko. Wata Anti ce daga Darmanawa, mai waƙa a cocin su Madam. Ran Litinin ta shigo da hankici a ƙulle, ta kwance shi a gabana a hankali, sai ga farce biyu jajaye a kwance.

“Muna tsakiyar waƙa ina tafi,” ta ce, “sai na ga wani jan abu ya tashi sama. A cinyar matar fasto ya sauka. Ita ta miƙo mini bayan an tashi.”

Na so in yi dariya, na kuma so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne, “Anti, ai tafin ne ya yi ƙarfi.”

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce shekara goma sha tana tafi a cocin nan, ba a taɓa cewa nata ya yi ƙarfi ba. Na mayar mata da su, ban fasa tura mata kwalbar ba, ta lakata ta tafi tana ƙanshi. Ran Alhamis ta dawo da wani hankicin.

Ni mutum ce mai saurin hawa, tun ina yarinya an san ni da haka, kuma a lokacin ban iya cewa “laifina ne” ba ko da wasa. Saboda haka na ƙirƙiro tambayoyi. Duk wadda ta dawo da farce ya ɗaga, sai in gyara zama kamar alƙali. Kin yi wanki? Kin yi wanke-wanke? Kin ci tuwo da zafinsa? Kin ɓare agushi? To wace mace ce a Kano za ta kwana uku ba ta yi ko ɗaya daga ciki ba? Kullum sai na kama mai laifi. Wata ɗaliba daga makarantar jinya ta wajen asibitin koyarwa, da ta zo a hutunta, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “To 'yar'uwa, in na sa farce sai in ɗauki azumi ke nan?” Shago ya kwashe da dariya, ni kuwa na cika na yi fam.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne na lura da wani abu. Kullum hannun dama ne. Kuma kusan kullum yatsu uku ne, manuni da na tsakiya da wanda ke bi masa. Na hagu suna nan daram. Na ce ato, ga hujja. Hannun dama shi ke wanki, shi ke cin tuwo, shi ke komai. Aikina ba shi da aibu, matan ne ba su iya riƙon farce ba. Har na samo kwali na rubuta da manyan baƙaƙe, na liƙa a bango saman teburina: banda wanki, banda tuwo mai zafi, banda ɓarar agushi, banda tafi da ƙarfi.

Madam ta zo ta tsaya ta karanta daga sama har ƙasa, hannunta a ƙugu.

“Soja sun tafi,” ta ce, “ke kuma kin zo kin kafa dokar soja a shagona.”

Ta cire kwalin, ta ninke shi, ta sunkuya ta tokare ƙafar teburin da shi. Sannan ta ja ni bayan labule inda muke ajiye tawul, ta rage murya.

“Ƙanwata, saurara. An fara faɗa a coci cewa farcen shagon Madam ba ya kwana uku. Ba sunanki ake kira ba, nawa ake kira. Daga yau zuwa ƙarshen wata, mace ɗaya ta sake shigowa da farce a hankici, zan ɗauke teburin nan. Ba na jin haushinki, amma zan ɗauke.”

Na ji tsoro ƙwarai. Ba komawa wanke kai nake gudu ba. Inna nake gani a bakin turmi, ta miƙo mini taɓarya ba tare da ta ce “ban gaya miki ba?”, don ita ba ta faɗin haka, kallo kawai take yi, kuma kallon ya fi maganar ciwo.

Babu abin da ban gwada ba a makon nan. Na riƙa kankare farce har wata ta janye hannu ta ce ba katako ba ce. Na canza buroshi. Na je kasuwa na yi wa mai sayar mana da hoda tijara, na ce ya haɗa da garin rogo, bawan Allah ya yi ta rantsuwa. Na zargi zafin gari. Na zargi mai kitson da ke shagon kusa da mu, don na ga tana yawan leƙowa. Har addu'a na tofa a kwalbar ruwan haɗi, warin ya kusa sumar da ni. Kulaccam kuwa yana nan a wajensa, shi kaɗai ne abin da nake alfahari da shi a teburin.

Ana saura kwana shida wata ya ƙare, ran Laraba, wata Hajiya ta shigo. Tela ce, tana da shago a kasuwar Tarauni, mace mai jiki da fara'a. Matanmu Musulmi ba sa sa farcen nan sai in suna fashin sallah, tunda ruwan alwala ba ya ratsa shi, in sun yi tsarki su dawo a cire. Ni kaina ban taɓa sa shi ya wuce kwana biyar ba. Hajiya ta ce bikin 'yar yayarta ake yi ƙarshen mako, kuma Allah ya haɗa mata bikin da hutu, don haka so take a ga hannunta tun daga ƙofar gida.

Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin na ranar ba. Kowane yatsa sai da na yi masa bismillah. Da na zo buɗe ruwa na tura mata kwalba, ta lakata, ta lumshe ido ta ce, “Kai, wannan haɗin 'yan Barno ne. Wa ya yi?” Na ce Innata. Ta ce Allah ya yi wa hannunta albarka. Ta tafi tana juya yatsu a iska kamar mai korar ƙuda.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji tsayawar acaɓa a ƙofar shago. Hajiya ce, cikin ankon biki, ɗaurin ɗankwali ya kai rufi. Tun kafin ta buɗe jaka na san abin da ke ciki. Ba hankici ba ne, ƙyallen atamfa ne, amma duk ɗaya. Madam tana tsaye da kum a hannu a kan wata mata, ta daina taje gashin. Har dirayar aka kashe.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta zauna, ta baje ƙyallen, farce uku.

“Ɗaya a cikin jakata na same shi,” ta ce. “Ɗaya a kan tabarma. Na ukun uwar ango ce ta tsinto shi a farantin cincin, ta ɗaga shi sama tana tambayar na wane ne.”

Hali dai ba ya barin mutum. Na ji kaina ina cewa, “Hajiya, kin yi wanki?”

“Da biki? Ina da masu yi.”

“Wanke-wanke fa?”

“A'a.”

“Tuwo?”

“Da cokali nake cin komai tun ran Laraba, har 'yan'uwana suna ce mini Baturiya.”

Na kama hannunta na juya. Manuni, na tsakiya, da mai bi masa. Na ce, “To ai kin gani, Hajiya, hannun dama ne. Shi ke aiki. Ko almakashi ne ya taɓa su.”

Sai ta fashe da dariya, har ɗankwalin yana rawa.

“'Yar nan, ni bahaguwa ce.”

Ta ɗauki ɗan almakashina da hannun hagu, ta yanke zaren da ke lilo a bakin ƙyallen, ƙyas. Sannan ta baje mini hagun a kan tebur. Farce biyar, ko gezau.

“Da wannan na yanka ankon gidanmu kaf, har jiya ina kan keke. Shi kuwa daman nan ɗan hutu ne. Ba abin da yake yi sai gaisawa, da riƙe cokali, da karɓar abu in an miƙo mini, shi ma don Babanmu ya sha buge mini hagu ina yarinya.”

Tana maganar idonta ya sauka a kan kwalbar. Ta ce bari ta ɗan ƙara turaren nan, na ranar har yanzu yana jikin mayafinta. Ta miƙa hannun dama, kamar yadda duk wata 'yar mutunci za ta yi, ta tsoma. Ina kallo yatsun suka fito suna ƙyalli. Guda uku, waɗanda ba farce a kansu.

Nan take na gane. Madam ce ta matso, ta ɗauki kwalbar, ta lakata ta murza tsakanin yatsunta.

“Yaushe kike ba su wannan?”

Na ce, a hankali, “In na gama gogewa da sifirit. Kafin in ɗora.”

Madam ta nemi kujera ta zauna. Ta rufe fuska da tawul, kafaɗunta suna girgiza. Da ta ɗago, hawaye take sharewa.

“Wato ki goge maiƙo tas, sannan ki ce bismillah, ga maiƙo.”

Na san akirilik ba ya shiri da mai. Da an tashe ni daga barci zan faɗa. Amma a kaina kulaccam ba mai ba ne, turare ne, turaren Inna, abin da ake karrama mutum da shi. Ko sau ɗaya ban taɓa haɗa su a raina ba. Kunya ta rufe ni. Na tuna Anti mai waƙa da na ce tafinta ya yi ƙarfi, na tuna mai hoda da garin rogo.

Da dariya ta lafa, Madam ta ce magana tana nan yadda ta faɗa, mace ta dawo da farce. Sai dai tunda Hajiya dole ta dawo ran Litinin a cire mata, in mayar mata da ukun yanzu, kwalba a rufe. In sun kai Litinin, tebur ya zauna. In ba su kai ba, in yi sallama da shi. Na wanke hannun Hajiya da sabulu har sau biyu, na goge da sifirit, na ɗora. Ta sha warin nan ba ko ɗigon turare, tana toshe hanci da gefen mayafi tana ce mini muguwa.

Da yamma na isa gida a fusace. Inna tana tsakar gida tana juya turaren wuta a kasko. Na dire kwalbar a gabanta, abin da har yau nake jin nauyinsa, na ce, “Turarenki ne ya kusa cinye mini tebur.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce in gaya mata yadda aka yi. Na zayyana mata tun daga matar fasto har farantin cincin. A wajen cincin na ga bakinta ya motsa, ta danne.

“Suna zaune kike ba su?”

Na ce e.

“A gidan nan kin taɓa ganin na miƙa wa mace kulaccam tana zaune? Sai ta gama abin da ya kawo ta, ta yafa mayafi, ta kai zaure. A nan ake ba ta, ta tafi da ƙanshin gidanki zuwa nata.” Ta kwashe turaren daga wuta. “Shekara ashirin kina gidan nan, hancinki kawai ke aiki.”

Gaskiya ta faɗa. Sau dubu na ga ta bi baƙuwa zaure da kwalba a hannu, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na tsaya ina jira ta ce to ga turmi. Da ta ajiye kwalbar a ɗakinta ma, da magana ta ƙare, don ta samu abin da take so. Sai ta ɗauke ta, ta shiga ɗaki, ta fito da ita a cike har baki, ta goge gefen da zaninta, ta saka mini a jaka.

Na ce, “In Madam ta ɗauke teburin fa?”

Ta ce, “Sai ki shafa a bakin ƙofa, tunda ke ce mai tafiya.”

Asabar da Lahadi ban ci abincin kirki ba. Ran Litinin tun hantsi nake leƙen titi, duk acaɓan da ya rage gudu sai na miƙe tsaye. Sai bayan azahar Hajiya ta iso. Ba ƙyalle, ba hankici. Ta ɗora hannu biyu a kan tebur, farce goma reras, ta ce an yi biki lafiya, yanzu a cire mata ta je ta yi wanka ta kama sallah.

Na jiƙa yatsun a ruwan cirewa. Na hagu suka saki. Na dama biyu na ran Laraba suka saki. Ukun nan na ran Juma'a kuwa suka ce ba inda za su. Na jiƙa, na kankara, na sake jiƙawa. Hajiya tana duban agogon bango tana tsaki.

“Ke 'yar nan, wane irin mugun aiki ne wannan? La'asar za ta same ni a shagon farce.”

A duk ƙorafin da aka taɓa kawo mini a sana'ar nan, babu wanda ya yi mini daɗi kamar wannan. Ina kankara ina murmushi, tana ce mini ba abin dariya ba ne.

Da ƙyar suka fita. Ta tashi ta yafa mayafi, na bi ta har bakin ƙofa da kwalba a hannu. Ta tsoma yatsu uku, ta shafa a wuya, ta ce a gaida Inna. Da na juyo, Madam tana durƙushe a gindin teburina. Ta zare kwalin dokokina daga ƙarƙashin ƙafar, ta jefa a kwandon shara, ta ce gobe in kira kafinta ya daidaita ƙafar nan, ta gaji da ganin tebur yana rawa. Ta kuma ce ran Lahadi za ta gaya wa Anti ta zo, ni zan ba ta haƙuri da bakina. Na ba ta, na ce ta yi tafinta yadda take so.

Da na koma gida rana ba ta faɗi ba. Inna tana bakin turmi tana dakan sandal, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali. Na ajiye jaka, na naɗe hannun riga, na karɓi taɓaryar daga hannunta.

Ta dube ni. “An kore ki ke nan?”

Na ce, “A'a. Kwalbar ce ba za ta kai ƙarshen watan gobe ba.”

Ta koma gefe ta zauna a kan tabarma, tana kallon yadda nake dakan. Can ta ce in rage ƙarfi, ina zubar mata da rabi a ƙasa.